Fasfon Gwamnati da Neman Biza: Amanar Tafiya da Sunan Ƙasa

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ƙungiya, ma'aikaci a sashen furotokol na wata ma'aikatar Gwamnatin Tarayya a Abuja, ya gabatar a wajen taron shekara-shekara na tsofaffin ɗalibai.





Lokacin da sakataren ƙungiya ya buga mini waya ya ce an sa ni cikin masu jawabi a bana, sai na tambaye shi a kan me zan yi magana, alhali ga likitoci, ga lauyoyi, ga malaman jami'a a cikinmu. Ya yi dariya ya ce, ai a kan abin nan da 'yan'uwa ke hana ka barci saboda shi. Nan take na gane inda ya nufa, domin kuwa tun da Allah Ya sa aka tura ni sashen da ke shirya tafiye-tafiyen jami'an gwamnati zuwa ƙasashen waje, da wuya wata ya wuce wani daga cikinmu bai kira ni a kan maganar biza ba. Saboda haka na ga ya kamata in yi amfani da wannan dama in bayyana yadda aikin yake, abin da nake iya yi da wanda ba na iyawa, da kuma dalili.

Bari in fara da tuna mana wani abu da kowa a nan ya sani. Lokacin da muke wannan makaranta, duk wanda ke son shiga gari ranar Asabar sai ya nemi takardar fita. Malamin gidansu zai sa hannu, a rubuta inda za shi da lokacin da zai dawo, sa'an nan ya nuna wa Baba maigadi a bakin ƙofa. Kuma ba mu manta ba, ranar da yaro ɗaya ya kwana a gari, dukan 'yan gidansu ake hana wa fita mako mai zuwa. Wanda ya fahimci wannan ya riga ya fahimci rabin abin da zan faɗa.

Fasfo iri uku

Fasfo takarda ce da ƙasarka ke ba ka tana shaida cewa kai ɗanta ne. Biza kuwa izini ne da wata ƙasa ke ba ka na ka zo bakin ƙofarta. Hukumar Shige da Fice, wadda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ita ke bayar da fasfo a Nijeriya, kuma manyan ire-irensa uku ne. Akwai kore, na kowa da kowa. Akwai shuɗi, na ma'aikatan gwamnati da aka aika aiki a waje. Sai kuma ja, na diflomasiyya, wanda ake ba shugaban ƙasa da mataimakinsa, ministoci, jakadu da jami'an da ke aiki ƙarƙashinsu, da wasu manyan masu riƙe da muƙamai da gwamnati ta ƙayyade.

Shuɗin da jan duka kayan aro ne. Muƙami ne ya kawo su, kuma in muƙami ya tafi ya kamata su bi shi. Abin takaici, da yawa sukan riƙe su bayan sun sauka, har ta kai a shekarar 2015 Hukumar Shige da Fice ta fito fili ta umarci tsofaffin gwamnoni da ministoci da 'yan majalisa da sauran waɗanda suka bar aiki su mayar da su. Hausawa na cewa kayan aro ba ya rufe katara.

Hanyar da fayil ke bi

Ga yadda tafiyar jami'i ke farawa. Da farko takardar gayyata ce za ta iso, daga wata gwamnati ko wata hukuma ta duniya. Ma'aikata ta zaɓi wanda ya dace, Babban Sakatare ya amince. Daga nan a nemi izinin fita ƙasa: ma'aikata daga ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya, masu muƙaman siyasa da shugabannin hukumomi kuwa ta ofishin Sakataren Gwamnatin Tarayya. Wannan izini yakan yi tsauri gwargwadon halin da aljihun gwamnati ke ciki. Alal misali, bayan surutun da aka sha a kan yawan 'yan Nijeriya da suka je taron sauyin yanayi na Dubai a ƙarshen 2023, inda aka ga sunaye 1,411 a rajista, gwamnati kuma ta ce mutum 422 ta biya wa kuɗi, Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da tafiye-tafiyen waje da kuɗin gwamnati na wata uku, daga 1 ga Afrilu 2024, sai fa wanda ya sami amincewarsa.

In izini ya fito, sai mu rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Waje, wadda ke Gidan Tafawa Ɓalewa a Abuja, muna roƙon ta ba mu wata wasiƙa da a ofis muke kira not-babal, sunan kuwa daga Faransanci aka aro shi. Wannan wasiƙa ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya. Gajeriya ce, sau da yawa ba ta cika shafi ɗaya. Ba a cewa "ni" ko "mu" a cikinta, ana cewa ne Ma'aikatar na miƙa gaisuwarta ga ofishin jakadancin ƙasa kaza, kuma tana roƙon a ba wane biza. Ana rubuta sunan mutum, da muƙaminsa, da lambar fasfonsa, da abin da zai je yi, da ranar tafiya da ta dawowa. Babu cikakken sa hannun kowa a ƙasanta, sai hatimin ma'aikata. Dalili kuwa shi ne, mai maganar a cikinta Nijeriya ce da kanta, tana gaya wa wata ƙasa cewa wannan mutum nawa ne, ni na aike shi, kuma zai dawo.

Da wannan wasiƙa, da fasfo, da takardar gayyata, da hotuna, da fom ɗin da aka cike ta intanet, jami'in furotokol ke zuwa ofishin jakadanci. Daga nan kuma ikonmu ya ƙare, sai jira.

Kowace ƙasa da ƙa'idarta

Kuskuren da aka fi yi shi ne zaton launin fasfo ke yanke irin bizar da za a ba mutum. A gaskiya dalilin tafiya ne ke yankewa. Mu ɗauki Amurka, domin ita ce ta fi rarraba abin dalla-dalla. Biza mai lamba A-1 ta shugabannin ƙasa ce da ministoci da jakadu. A-2 ta sauran jami'an gwamnati ce da za su je aikin gwamnati da gwamnati. Wanda za shi taron Majalisar Ɗinkin Duniya a New York, ko na Bankin Duniya a Washington, ba A zai nema ba, G-2 ce tasa. Waɗannan bizoji ba a biyan kuɗi a kansu, kuma galibi ba a kiran mai nema ya zo ganawa. To amma shi wannan jami'i, in zai kai iyalinsa hutu ko zai je ganin likita, sai ya nemi bizar baƙi kamar kowa. Shugaban ƙasa ne kaɗai ake ba A-1 ko da wace irin tafiya zai yi.

Ina roƙon 'yan'uwa masu aiki a jihohi da ƙananan hukumomi su saurari wannan da kyau. A dokar Amurka, bizar A ta jami'an gwamnatin tsakiya ce kawai. Kwamishina ko daraktan jiha da zai je wakiltar jiharsa bizar baƙi zai nema, ko da fasfonsa shuɗi ne. Wannan bambanci ya ƙara nauyi tun watan Yuli 2025, lokacin da Amurka ta mayar da yawancin bizojin da take ba 'yan Nijeriya, waɗanda ba na diflomasiyya ba, zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku, sa'an nan a watan Disamba na shekarar ta sa Nijeriya cikin ƙasashen da ta taƙaita wa bizar baƙi da ta ɗalibai, ta ware masu A da G daga cikin takunkumin.

A Turai kuwa akwai tsarin Shengen, wanda ya samo suna daga wani ƙauye a ƙasar Lukzambok inda aka sa hannu a yarjejeniyar a 1985. Zuwa 2025 ƙasashe 29 ke cikinsa, kuma biza ɗaya ke shigar da mutum dukansu na kwana 90 cikin kowane kwana 180. Suwizalan ta shiga a 2008, saboda haka mai zuwa Janeba, ko taron Hukumar Lafiya ta Duniya na watan Mayu ko na Ƙungiyar Ƙwadago na watan Yuni, wannan biza yake bukata. Ƙa'idarsu ita ce a nema a ofishin ƙasar da ita ce ainihin wurin zuwa. Fasfo ya kasance yana da shafi biyu babu komai, kuma yana da sauran aƙalla wata uku bayan ranar fitowa. Ana kuma neman inshorar lafiya ta Yuro 30,000, sai dai an ɗauke wa masu jan fasfo wannan.

Akwai wani tarko da ya sha kama manyanmu. Nijeriya na cikin ƙasashen da 'yan ƙasarsu ke bukatar bizar ratse ko da jirgi kawai za su sauya a filin jirgin wata ƙasar Shengen, ba tare da sun fita gari ba. An ɗauke wa mai jan fasfo, da wanda ke riƙe da bizar Amurka ko Kanada ko Japan mai aiki. Mai shuɗin fasfo da ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan, in aka yanka masa tikitin da zai ratsa ta Faris ko Frankfurt, tun a Abuja kamfanin jirgi zai mayar da shi gida da jakarsa. Saboda haka ne muke cewa a nuna mana tikiti kafin a biya kuɗinsa.

A Afirka ta Yamma abin da sauƙi, domin yarjejeniyar ECOWAS da aka sa wa hannu a Dakar a 1979 ta ba 'yan ƙasashen ƙungiyar damar shiga ƙasashen juna na kwana 90 ba biza. Ko da Nijar da Mali da Burkina Faso suka fice a watan Janairu 2025, ƙungiyar ta ba da sanarwar a ci gaba da barin jama'arsu suna kai da kawowa har sai an sake shawara.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Babban abokin gabanmu a wannan aiki shi ne makara. Dokar Shengen ta ce ana iya miƙa takardu tun saura wata shida, kada kuma a bari ya gaza kwana 15. Su kuma suna da kwana 15 na dubawa, wanda za su iya ja har zuwa 45. Amma sau nawa ake ajiye takardar gayyata wata biyu a kan tebur, ana ja-in-ja a kan wanda za a tura saboda kuɗin guzurin tafiya, sai saura kwana huɗu a kawo mana fasfo a ce maigida ya ce lalle a fito da biza kafin Juma'a? Jami'in ofishin jakadanci ba yaron maigidanmu ba ne, kuma Juma'armu ba ta dame shi ba. Na taɓa tsayawa a ƙofar wani ofishin jakadanci tun daga hantsi har la'asar sakaliya ina jiran fasfon wani darakta. Ranar da bizar ta fito, taron da za shi ya kwana biyu da watsewa.

Kada kuma a manta da katin rigakafin shawara, wato katin nan ruwan ɗorawa. Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce allura ɗaya ta isa har ƙarshen rayuwa, saboda haka babu dalilin sayen na jabu. A watan Maris 2012 Afirka ta Kudu ta mayar da 'yan Nijeriya 125 daga filin jirgin Johannesburg bisa zargin katinsu na jabu ne. Nijeriya ta rama ta hanyar mayar da 'yan ƙasarsu daga Legas, har sai da Afirka ta Kudu ta ba da haƙuri. Haka harkar take tsakanin ƙasashe, abin da ka yi wa nawa shi zan yi wa naka.

Mai gida ke da ikon ƙofarsa

Duk cikar takardu, ƙasa na da ikon ta ce a'a, kuma ba dole ne ta faɗi dalili ba. Yarjejeniyar 1947 tsakanin Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya ta wajabta wa Amurka barin wakilan ƙasashe su isa hedkwatar Majalisar. Duk da haka a 1988 ta hana Yasser Arafat biza, sai da Babban Taron Majalisar ya tashi takanas ya koma Janeba a watan Disamba domin a saurare shi. A watan Satumba 2025 ma an hana Shugaba Mahmud Abbas, ta bidiyo ya yi jawabinsa. Mu ma a nan gida, a watan Fabrairu 2025 Babban Hafsan Tsaro na lokacin, Janar Christopher Musa, ya faɗa da bakinsa cewa Kanada ta hana shi biza shi da wasu 'yan tawagarsa, a kan hanyarsu ta zuwa wasannin sojojin da suka ji rauni a fagen fama. To in ana iya hana waɗannan, ina ga ƙaramin ma'aikaci irina da za a ce ya sa baki a ba wani?

Wani ruɗun kuma shi ne zaton jan fasfo laya ce ta hana kamu. Kariyar da jakadu ke da ita ta fito ne daga Yarjejeniyar Biyana ta 1961, kuma ta wanda aka tura aiki wata ƙasa ce, ƙasar kuma ta karɓe shi ta sa sunansa a rajistarta. Wanda ya je taron kwana uku, in ma yana da wata kariya, ƙarama ce da ta tsaya a kan aikin da ya kai shi. Wanda ya je sayayya kuwa ba shi da komai, ɗan sanda zai kama shi kamar yadda zai kama kowa. Shi kansa jakadan, yarjejeniyar ta wajabta masa bin dokokin ƙasar da yake, kuma ƙasar na iya cewa ba ta bukatarsa ya tattara ya tafi, ba tare da ta yi bayani ba.

Abin da ya faru da ni

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a gaban jama'a ba. Ina da shekara biyu da kama aiki aka ba ni jerin sunayen mutum bakwai da za su je kwas na mako biyu a wata ƙasar Turai. Kafin in buga wasiƙar neman not-babal, sai wani na gaba da ni ya kira ni ofishinsa, ya ɗauki biro ya ƙara suna na takwas, ya rubuta masa muƙamin da na san babu shi a ma'aikatarmu. Na dubi sunan, na dube shi, ya ce yaron ɗan yayarsa ne, kuma ganin gari kawai za shi. Na yi shiru na fita na buga, domin ina tsoron kada a ce sabon yaro ya cika taurin kai.

Mutum takwas suka tafi, bakwai suka dawo. Bayan 'yan watanni ofishin jakadancin ya rubuto yana tambayar inda na takwas yake. Wanda ya ƙara sunan an riga an yi masa canjin wurin aiki, rubutun bironsa kuma ya ɓace daga fayil, abin da ya rage shi ne wasiƙar da na buga. Na sha takardar tuhuma, Allah Ya rufa asiri ba a kore ni ba. Amma ba wannan ne ya fi damuna ba. Daga lokacin, duk takardar da ta fito daga ma'aikatarmu sai ofishin ya riƙe ta makonni, ya nemi takardar ɗaukar aiki da ta albashi, ya kira mutum ya zo da kansa. A cikin waɗanda abin ya faɗa wa har da wata baiwar Allah da ta shekara goma sha tana aiki ba a taɓa tura ta ko'ina ba. Ta ci jarrabawar wani kwas na wata uku da ƙoƙarinta, bizarta ta fito bayan an rufe karɓar ɗalibai. Ta zo ofishina ta karɓi fasfonta, ta ce mini na gode ƙanena, Allah bai nufa ba. Ba ta san hannun da ya miƙa mata fasfon shi ne ya jawo mata ba. Lalle wake ɗaya ke ɓata gari, kamar dai yaron nan da ya kwana a gari aka hana 'yan gidansu fita.

Bayan wannan da wasu shekaru, wani abokina da muka yi shekara shida a ɗakin kwana ɗaya a wannan makaranta ya same ni har gida. Kasuwa ta karye masa, ga iyali, yana so in sa sunansa a wata tawaga ya fita ya nemi abin yi. Na san halin da yake ciki, kuma na san irin garin kwaki da ƙuli-ƙulin da muka raba da shi. Na ce masa ba zan iya ba. Ya tashi ya bar abincinsa, muka shekara biyu ko gaisawa ba ma yi. Alhamdu lillahi yana cikin ɗakin nan a yau, mun daɗe da shiryawa, kuma shi ne ya ce in ba da labarin.

Kammalawa

Roƙona ga yayyena da ke kan manyan kujeru shi ne, in takardar gayyata ta zo a yanke shawara da wuri, a tura wanda aikin ya shafa, kuma kada a tilasta wa ƙaramin ma'aikaci ya buga abin da ku da shi kun san ba gaskiya ba ne, domin ranar tuhuma shi kaɗai ake bari. Ga waɗanda Allah Ya ba damar tafiya, a halarci taron da aka je dominsa, a dawo ranar da aka ce, a rubuta rahoto, in an bar aiki kuma a mayar da fasfon gwamnati. Ga sauran 'yan'uwa, ƙofata a buɗe take ga mai son a duba masa fom, ko a gaya masa irin bizar da ta dace da tafiyarsa da takardun da zai haɗa. Wannan zan yi wa kowa kyauta, dare ko rana. Abin da ya wuce haka ina roƙon a yi mini afuwa.

Ku kuma ƙannenmu 'yan aji shida, akwai aiki a wannan fanni ga mai sha'awa. Ku riƙe Turanci da kyau, ku ƙara da Faransanci ko Larabci, ku karanta tarihi da labarin ƙasa, domin ƙasar nan na bukatar jakadu daga cikinku. Kafin nan kuma, in an ba ku takardar fita ranar Asabar, ku dawo a kan lokaci.

 Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daga cikin malamai da ɗalibai, Allah Ya jiƙansu Ya gafarta musu. Allah Ya ɗaukaka wannan makaranta, Ya ba mu ikon riƙe amana, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.